Cikin Yaya a Jikin Kalekye

Ranar da cikin ya cika wata biyar, Kalekye ta tsaya gaban madubi ta auna kanta da awon tela, ta rubuta lambar a bayan hannunta, sannan ta hau keken ɗinki ta fara ɗinka wa yayarta ciki. Shekara goma sha biyar tana ɗinki a kasuwar Tala, a ƙasar Kenya. Ta yi rigunan amare, ta yi kayan makaranta, ta taɓa yi wa wani mahauci wando mai aljihu bakwai, amma ba a taɓa kawo mata aikin tumbi ba sai a gidan 'yar'uwarta. Ta yanka soso, ta lulluɓe shi da yadi mai laushi, ta sa masa maɗauri uku a baya, har 'yar cibiya ta yi masa da maɓalli, don ita ba ta iya ha'inci a aiki ba, ko da aikin kansa na ha'inci ne.

Yayar tata, Syombua, ta ɗaura, ta saki riga a kai, ta juya gefe tana kallon madubi.

"Kale, anya bai yi ƙasa ba? Na matar fasto a sama yake zama."

"Yaya, nawa na auna. In ya yi ƙasa, ɗanki ne ya sauka. Ki yi masa faɗa."

Syombua ba ta yi dariya ba. Shekararta goma sha shida a gidan Dattijo Ndambuki, ɓari huɗu, har likita ya ce mahaifarta ba za ta riƙe ba. Likitan ne ya kawo shawarar a haɗa ƙwanta da na mijinta a asibiti, a dasa a jikin wata mai lafiya. Mai lafiyar kuwa ba a yi nisa wajen nemanta ba. Kalekye na nan, mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ta haifi biyu ba tare da ko ciwon kai ba. Uwarsu, wadda suke kira Mwaitu, ta zaunar da ita ta ce, "Yayarki ce. Ciki ɗaya kuka fito." Kafin shayin da ke gabanta ya huce, Kalekye ta amsa. Ta kulle ɗakinta, ta kai 'ya'yan nata, Mutheu da ƙaninta Kyalo, wajen Mwaitu, ta gaya wa dangin mijinta za ta tafi Kitengela jinyar yayarta da ta samu ciki mai wahala.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, a cikin motar da ta kawo ta, ta hango kanta a gaban coci, an kira sunanta, mata suna tafi, fasto yana cewa ga abin da ake kira zumunci. Har rigar da za ta sa ranar ta zaɓa, wata shuɗiya mai fure. Yanzu duk lokacin da ta tuna rigar nan sai ta ce wa kanta, "Kalekye, ke dai da wayo aka haife ki, amma a hanya ya zube."

Da cikin ya fara fitowa, sai dokoki suka fara fitowa tare da shi. Aka ɗauke ta daga ɗakin baƙi aka mai da ita ɗakin baya, kusa da inda ake ajiye buhunan masara. Ba fita ƙofar gida. Ba zuwa coci. Ba shayi mai ganye, ba gishiri, ba barkono. Wayarta ma Syombua ta karɓa, wai ta ji an ce tana cutar da jariri, sai ran Lahadi da yamma take miƙo mata ta gaisa da 'ya'yanta, ita kuma tana tsaye a kanta tana gyara labulen da bai karkace ba.

Dattijo Ndambuki mutum ne mai ladabi. Kullum da safe sai ya gaishe ta, amma famfon tsakar gida yake kallo in yana gaisuwar. Tun da cikin ya girma bai sake haɗa ido da ita ba.

"Ki gane, ƙanwata," ya ce wa famfon wata rana, "ba don muna jin kunyarki ba ne. Ikilisiya ce ba ta kai ga fahimtar irin wannan ba. Wasu za su ce mun yi wa Allah shisshigi a aikinsa. Wasu kuma, kin san bakin mutane, za su ce ni da ƙanwar matata..." Ya yi tari. "Ni ke raba jibin Ubangiji ran Lahadi. Ba na so in zama sanadin tuntuɓen masu raunin bangaskiya."

"Haka ne, Dattijo," in ji Kalekye. A ranta ta ce, ashe masu raunin bangaskiya ake tausaya wa. Masu raunin ƙugu su ji da kansu.

Kowace safiya Syombua takan leƙo da kofin kunu a hannu. "Yau me kike ji?"

"Bayana kamar an ɗaura mini dutsen niƙa. Ƙwannafi kuma ya hana ni sakat."

"A ina daidai? Nuna mini."

Da fari Kalekye ta ɗauka kulawa ce, har ta ji daɗi. Sai wata rana ta ji yayarta a falo tana waya, tana nishi: "Wayyo Maman Neema, bayana kamar an ɗaura mini dutsen niƙa." Daga ranar ta gane ba ɗinki kaɗai take yi wa gidan ba, har darasi take bayarwa. Sau ɗaya ta gwada tsokana, ta ce tana jin ƙaiƙayi a kunnen hagu duk lokacin da yaron ya motsa. Kafin sati ya zagayo, wata tsohuwa a coci ta tabbatar wa Syombua cewa alamar namiji ce, ita ma haka ta yi a cikinta na fari.

A wata na bakwai matan zumunta suka zo taya murna. Motar bas biyu cike. Tun da asuba Kalekye ke durƙushe a bayan kicin tana murza garin chapati, gurasar da ake tarbar baƙi da ita, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Aka ja ƙofar da ke tsakaninta da falo, aka murɗa makulli. Ta cikin katakon ta ji yayarta ta tashi ba da shaida.

"'Yan'uwa, shekara goma sha shida ina kuka kamar Hannatu ta cikin Littafi Mai Tsarki. Likitoci suka ce ba zai yiwu ba. Amma akwai Likitan likitoci!"

Guɗa ta tashi. Yaron da ke cikin Kalekye ya zabura ya harba mata ƙafa a haƙarƙari.

"Bari in taɓa albarka," wata ta ce. "Kai! Ku ji cibiya har ta turo. Wannan ciki ya zauna daram. Yana motsi kuwa?"

"Barci yake yi. Da rana ba ya son hayaniya."

Abin kunya, a daidai lokacin nan abin da Kalekye ta ji a ranta alfahari ne. Mata arba'in, yawancinsu sun haihu, kuma babu wadda ta gane maɓalli. Ta ɗaga kai ta yi murmushi ita kaɗai, sannan ta tuna waye aka kulle a bayan kicin, ta ci gaba da murza gari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi.

Mwaitu ta zo bayan kwana biyu, ta kawo kabewa da wake. Ta zauna a bakin katifar Kalekye ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ƙare wa ƙafafun kallo, sannan ta mai da idonta kan kabewa.

"Ai ba yau aka fara ba," ta ce. "A zamanin kakata, macen da ba ta haihu ba takan kora awaki zuwa gidan wata yarinya, ta ɗauko ta da rana tsaka. A gina mata ɗaki, a yanka mata gona, ta haifa wa uwar gidan 'ya'ya. Kowa ya sani, ba mai zaginta."

"To ni ina awakina, Mwaitu?"

"Ke kuma! Wancan zamanin duhu ne. Yanzu mun karɓi haske."

"Shi ya sa aka ba ni ɗakin da ba taga."

"Bakin nan naki shi ya hana ki ƙiba. Ki yi haƙuri, saura wata biyu. In dangin mijinta suka ji ba ita ta haifa ba, kin san abin da za su yi mata. Ke kin riga kin haifi naki, me kike nema kuma?"

Kalekye ta juya maganar a ranta. Gaskiya ne, me take nema? Ta tambayi lafiyar yara, aka ce suna nan ƙalau, Mutheu ta zo ta uku a ajinsu.

Abin da ya rushe komai yashi ne. A filin da ke jikin katangar gidan ana gini, kullum manyan motoci na sauke kaya. Wata Talata da hantsi Kalekye ta fito shanya, daga ita sai zane ɗaure a ƙirji, ciki a gaba kamar tulu. Ta ɗaga zanen gado za ta yarfa a igiya sai ta ji an ce daga sama:

"Maman Mutheu?"

Ta ɗaga kai. A kan tulin yashin da ke bayan wata mota, sama da katanga, ga Nzomo tsaye da shebur a hannu. Wan marigayi mijinta. Duk motocin yashin da ke ƙasar Kenya, duk ginin da ake yi a Kitengela, sai tasa ce ta tsaya a nan.

Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya dawo tsakiya ya tsaya. "Ashe wannan ce jinyar?"

Mace mai hankali da ta rufa da zanen da ke hannunta, ko ta ruga ɗaki. Kalekye kuwa ta rusuna, iya yadda cikin ya bar ta, ta ce, "Sannu da aiki, Yaya Nzomo. Yaya mutanen gida?"

Ya tofar da yawu a kan yashin mutane, ya juya.

Ran Lahadi da aka miƙo mata waya, Mwaitu ce ta fara magana, muryarta ƙasa-ƙasa. Nzomo ya zo da ƙannensa biyu, sun kwashe yaran zuwa gidansa. Ya fasa kwaɗon ɗakin Kalekye ya sa nasa. Gonar da mijinta ya bar mata ma ya sa an fara huɗa. Ya ce matar da ta tafi birni ta yi cikin shege ba za ta ci ƙasar ɗan'uwansa ba, ba kuma za ta tarbiyyantar masa da 'ya'ya ba.

Kalekye ta kira wayar matar Nzomo ta roƙa a ba ta Mutheu. Da ƙyar aka ba ta.

"Mama," in ji yarinyar. Shekararta goma sha uku, amma muryar ta zama ta babbar mace. "A makaranta ana cewa wai kina da ciki. Gaskiya ne?"

Syombua na tsaye kusa, hannunta a kan labule, tana girgiza kai da sauri, idonta cike da hawaye.

"In na dawo zan yi miki bayani."

"Ke nan gaskiya ne," Mutheu ta ce, ta kashe.

Ranar ce kaɗai Kalekye ta shiga falo ba a kira ta ba. Ta same su suna shan shayi. Ta so ta durƙusa, gwiwa ta ƙi, sai ta dafa kujera.

"Yaya, Dattijo, ba na neman komai. Magana ɗaya kawai. Ku kira Nzomo ku gaya masa gaskiya, shi kaɗai. An kwashe mini yara."

"Nzomo?" Dattijo ya ajiye kofi, ya dubi agogon bango. "Direban yashi? In ya ji da safe, kafin rana ta faɗi duk wanda ya sayi yashi daga nan har Machakos ya ji. Abu ne da ke buƙatar hikima. Mu sa shi a addu'a."

"Kale, don Allah," Syombua ta kama hannunta tana kuka, kukan gaske. "Saura sati shida. In na tashi yanzu na ce ƙarya na yi a gaban bagade, ina zan sa kaina? Ki bari a haihu lafiya, ni da kaina zan je Tala in gyara komai. Na rantse miki. Kuma ki daina tayar da hankalinki, kin san yana taɓa yaron."

Sai ga Kalekye tana bubbuga bayan yayarta tana cewa ta yi shiru, ba komai. Ta zo roƙo, ta ɓuge da rarrashi. Da ta koma ɗakin masara ta zauna ta yi wa kanta dariya har ta ji fitsari.

Ba a kai sati shidan ba. Fuskarta ta kumbura, idonta ya fara ganin taurari da rana, likita ya ce jininta ya hau, sai an yi aiki a ciro yaron. A wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke nesa da unguwarsu aka kai ta, kuma da sunan Syombua aka rubuta ta, don takardar haihuwa ta fito daidai. Sau uku ma'aikaciyar jinya ta kira "Syombua Ndambuki" Kalekye na kallon silin, sai da yayarta ta zungure ta.

Ta ji kukansa. Kuka mai ƙarfi, na wanda aka tasa daga barci. Ta ce, "Ku nuna mini," amma an sa wani koren yadi tsakaninta da cikinta, kuma kafin a gama ɗinke ta an fita da shi. Namiji ne, aka ce. Syombua ta ce gara kada ta gan shi, don kada ta sa shi a rai, likita ma haka ya ba da shawara. Aka ba ta ƙwayoyin da ke busar da nono. Nonon bai ji magana ba, kwana biyar yana jiƙa mata riga.

Tana kwance tana shafa ɗinkin da aka yi mata, ta tuna karin maganar da ake yi, wai ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. To ga nata, gaskiya zalla a ciki, kuma wuƙa ta huda shi daga wannan ƙugu zuwa wancan. Ɗinkin ma bai yi kyau ba. Da yaron shagonta ne ya yi shi, da ta sa ya warware.

Kwana goma sha biyu bayan haka aka sa ta a matatu, motar haya, da buhun garin masara da sabon bargo. Syombua ta ce tana nan tafe da zarar ta gama wankan jego. Ta faɗi haka ba ta ko yi murmushi ba.

Dattawan dangin mijinta suka zauna a kanta ƙarƙashin mangwaron gidan Nzomo. Maza a kan kujeru, mata a ƙasa, yara a bayan shinge suna leƙe. Aka ba ta kututture ta zauna. Ta hango Mutheu a bakin kicin riƙe da hannun Kyalo.

Babban cikinsu, wani tsoho mai sanda, bai yi dogon zance ba. "An gan ki da ciki. Yanzu ga ki ba ciki. Tambaya biyu ce: na wane ne, kuma ina ɗan?"

Kalekye ta duba hanya. Babu mota, babu Syombua. Ta yi alkawarin rufa asiri, amma ba ta yi alkawarin a binne ta da shi ba. Ta buɗe baki ta faɗi komai, tun daga asibitin dashe har zuwa koren yadi.

Da ta gama sai wani ya fashe da dariya, sauran suka bi.

"Wai likita ne ya zuba mata da allura!"

"Mu ma nan duk da allura aka same mu!"

Matar Nzomo ta tashi da waya a hannu. "Ni dai ƙanwar maƙwabciyata a cocinsu take. Ga hotuna. Ga Syombua da ciki wata shida, ga ta wata takwas, ga ta a gadon asibiti da jariri. Mata arba'in sun taɓa cikin nan da hannunsu. Duk makafi ne?"

Wayar ta zagaya hannu-hannu har ta iso ga Kalekye. Ta duba. Kai, cikin ya yi kyau. Ko ita da ta ɗinka, da ba ta sani ba, da ta rantse.

"Ni na ɗinka shi," ta ce. "Soso ne."

Dariyar ta fi ta farko.

Wani tsohon malamin makaranta a cikin dattawan ya ɗaga hannu. "A daina dariya. Yanzu akwai gwajin jini. A gwada yaron, a gwada ta, magana ta ƙare."

Zuciyar Kalekye ta yi tsalle, sannan ta faɗo. Ƙwan na Syombua ne. In aka gwada, jinin ma zai ce bai san ta ba, sai dai a matsayin ƙanwar uwa. Kusan wata tara yaron nan yana cin abincinta, yana harbin haƙarƙarinta, amma ko ɗigo ɗaya bai ɗauka da zai tsaya mata shaida ba. Ta yi ƙoƙarin bayyana wannan, tana yi tana jin yadda maganar ke fita kamar ta wanda aka kama da akuya yana cewa ita ta biyo shi.

"Uwarta na nan," in ji mai sanda. "Ke, tsohuwa, kin je gidan. Wa kika gani da ciki?"

Mwaitu ta daɗe tana gyara bakin zanenta. 'Ya'ya biyu gare ta a duniya, ɗaya na gidan dutse a Kitengela, ɗaya na kan kututture.

"Ni na tsufa," ta ce. "Abin da aka ce mini, Syombua ta haihu. Ban san komai bayan wannan ba."

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Ɗaki da gona sun koma hannun dangi. Yara za su zauna wajen baffansu. Ita kuma ta kwashe kayanta kafin Lahadi, ta gode wa Allah da ba a kai ta wajen hukuma a tambaye ta inda ta jefar da jariri ba. Tana fita wata mata ta ce a bayanta, yadda za ta ji, "A duba masai dai." Kyalo ya so ya rugo wajenta, Mutheu ta riƙe shi gam, ta juya da shi cikin kicin.

Syombua ba ta zo ba. Ta aiko da saƙo cewa yaron na fama da mura. Daga baya haƙori. Daga baya ta daina aikowa.

Kalekye ta kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwar Tala, ta kafa kekenta a barandar wani mai sayar da fenti, ta rataya labule a kusurwa don masu gwada kaya. Matan aure suka janye, ba mai son mijinta ya biyo ta wajen. Sai facin wando da ɗinkin buhu suka rage mata. Mutheu takan zo ne kawai in kayan makaranta sun yage, don matar baffanta ba ta biyan tela. Ta ajiye, ta ce "ina wuni" tana kallon ƙasa, ta jira, ta ɗauka ta tafi. Kalekye takan yi ɗinkin a hankali, ta warware inda bai ɓaci ba, don dai ta ƙara minti biyar tana jin numfashin 'yarta kusa da ita.

Shekara ɗaya da rabi ana haka. Wata ranar kasuwa Mutheu ta kawo siket ɗin da ya yi mata kaɗan, Kalekye ta saki kalmasa ta kafa allurai, ta ce ta shiga bayan labule ta gwada. Shigarta ke nan wata farar mota ta tsaya a gaban barandar. Mwaitu ta fito, sannan Syombua, da yaro a kafaɗa.

Kalekye ta miƙe ba ta san ta miƙe ba. Yaro ne ƙato, mai faɗin goshi irin na Dattijo, yana tsotsar makullin mota. Syombua ta miƙo shi. Ya yi nauyi, yana ƙanshin sabulu mai tsada. Ya dube ta kamar yadda yara ke duban baƙo, ya kama mata ɗankunne ya ja.

"Ka gai da Anti," in ji Syombua. Ta zauna a benci, ta matso, ta rage murya, amma ba sosai ba, don injin niƙa na ruri a maƙwabta. "Kale, na san na yi miki laifi. Kullum kina cikin addu'ata. Wata magana ce ta kawo mu. Lokacin da aka dasa miki wannan, ashe akwai sauran ƙwai biyu, suna nan a asibiti an adana su a sanyi. Likita ya kira, ya ce ko a yi amfani da su ko a zubar. Dattijo ya ce zubarwa kisan kai ne, ba zai iya ɗaukar wannan zunubin ba. Ke kika ɗauki wannan lafiya, jikinki ya riga ya saba. Kuma yanzu ai ba abin da za ki..." Ta tsaya.

"Ba abin da zan rasa," Kalekye ta ƙarasa mata.

"Ba haka nake nufi ba. Wannan karon ɗakin baƙi za ki zauna. Kuma kullum za ki riƙa ganinsa."

Yaron ya kwantar da kansa a ƙirjinta. Kuma Allah ya sani, na tsawon numfashi uku Kalekye ta ji bakinta yana shirin cewa to. Har ta fara tunanin wane soso ne ya fi ɗaukar zafi. Sai ta ce a ranta, kai, jaki ma in ya faɗa rami sau ɗaya yakan canza hanya.

Ta sumbaci goshin yaron, ta mai da shi hannun uwarsa.

"Yaya, ga benci nan, ga kasuwa ta cika. Hau ki gaya musu wanda ya haifi wannan. In kin sauko sai mu yi maganar na biyu."

"Kale, ki rufa mini asiri, mutane na kallo."

"To a gai da Dattijo. A ce masa famfo ya gode."

Mwaitu ta tafa hannu. "Ke dai ba ki da zumunci! Rayuka biyu za a zubar saboda taurin kanki. Wa kika biyo?"

Suka shiga mota. Yaron ya ɗaga mata hannu ta gilashi, don an koya masa yi wa kowa haka.

Ta zauna a kan keke. Sai ta ji labule ya motsa. Ta manta sam da akwai mutum a ciki.

Mutheu na tsaye cikin siket mai allurai, hannunta biyu a gefe don kada su soke ta. Wannan karon ba ƙasa take kallo ba.

"Mama," ta ce. "Ashe..."

"Tsaya daidai, kalmasar ta karkace."

"Zan gaya wa Baffa Nzomo. Da kunnena na ji."

"Ba zai yarda ba. Zai ce ni na kitsa miki."

"Na sani. Zan gaya masa yau, in gaya masa gobe. Zan gaya wa Kyalo. Kullum zan riƙa faɗa har su gaji."

Gona ba ta dawo ba, ɗaki bai dawo ba, kuma ran Lahadi mai zuwa Dattijo zai raba jibi da hannunsa mai tsabta. Duk faɗin ƙasar nan shaida ɗaya Kalekye ta samu, 'yar shekara goma sha huɗu, wadda ko dattijo ɗaya ba zai saurara ba. Ta durƙusa a gaban shaidar tata don ta gyara kalmasa, ta ɗauki zare za ta zura a allura. Ta gwada sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu, idon ya cika ya ƙi ganin kafar.

"Kawo, Mama," in ji Mutheu. Ta karɓa ta zura mata.